KALMAR "SIKELA": TSAKANIN MASANA DA 'YAN TALLAR MAGANI

A wannan zamani akwai masu tallar wata sarƙar wuya mai ɗan baƙin faifai, suna cewa wai tana ɗauke da "ƙarfin sikela" mai warkar da hawan jini da ciwon sukari. Kalmar kam ta ilimi ce, amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Saboda haka bari mu bi asalinta.

A ilimin Fiziks, sikela shi ne duk abin da lamba ɗaya tak ta isa ta bayyana shi. Zafi misali ne. Iska kuwa ba sikela ba ce, domin sai an faɗi ƙarfinta da kuma inda ta dosa. Idan muka bi ajinmu lungu-lungu da ma'aunin zafi, muka rubuta lambar kowane wuri, to wannan taswira ta lambobi ita masana ke kira fagen sikela. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Ailan, William Hamilton, shi ya ba kalmar wannan ma'ana a shekarar 1846.

Masana ba sa karɓar magana sai ta ci jarrabawa. A 1912 da 1913 wani ɗan Finlan, Gunnar Nordström, ya kawo ra'ayin cewa ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa fagen sikela ne. Bisa lissafinsa, hasken tauraro ba zai karkata ba in ya gifta kusa da rana. Einstein kuwa ya ce zai karkata. Da aka yi husufin rana a 1919, aka auna a tsibirin Firinsife da ke gaɓar Afirka da kuma Barazil, sai aka ga hasken ya karkata. Nan take ra'ayin Nordström ya faɗi, duk da kyawun lissafinsa.

Haka kuma a 1964 Peter Higgs da wasu masana suka ce akwai wani fagen sikela da ya game duniya duka, wanda ke ba ƙananan ƙwayoyin halitta nauyi. Sai bayan shekara 48, wato a 2012, aka tabbatar da shi a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba. A 2013 aka ba Higgs da François Englert kyautar Nobel.

To, ina maganar warkarwa ta samo tushe? Masu ita sukan jingina ta ga Nikola Tesla, gwanin lantarki na Amurka, wanda ya yi ƙoƙarin aika wuta ba tare da waya ba. Hasumiyar da ya gina don haka ba ta yi aikin ba, aka rushe ta a 1917. Daga baya, a shekarun 1980, wani tsohon hafsan sojan Amurka, Thomas Bearden, ya yi ta rubutu kan wasu "igiyoyin sikela" da ya ce suna iya warkarwa ko hallakarwa. Babu ɗakin gwajin da ya tabbatar da su, amma 'yan kasuwa suka cafe sunan.

Haɗarin iri biyu ne. Na farko, mara lafiya zai iya ajiye maganin asibiti ya dogara ga sarƙa, har ciwo ya ci ƙarfinsa. Na biyu, kayan kansu na iya cutarwa. A watan Disamba na 2021 hukumar kula da nukiliya ta ƙasar Holan ta hana sayar da kaya iri 10 masu kama da waɗannan, har da sarƙoƙin wuya, domin an auna an ga suna fitar da tururin nukiliya mai lahani ga jikin wanda ya daɗe yana sa su.

Don haka in mai talla ya zo, mu tambaye shi abu uku: wa ya auna wannan ƙarfi, da wane ma'auni, kuma marasa lafiya nawa likitoci suka gwada shi a kansu? Matambayi ba ya ɓata. Mu kuma ɗalibai, wajibinmu ne mu yi wa iyayenmu bayani cikin ladabi, kada a raba su da guminsu da lafiyarsu. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.