Afirkans, harshen da aka haifa a madafa

Can ƙarshen Afirka, wajen kudu, akwai wani harshe da ake kira Afirkans. Mutane da yawa suna tsammani na Turawa ne su kaɗai. Ba haka ba ne.

A shekarar 1652 wani kamfanin fatake na ƙasar Holandi ya kafa zango a Kap, bakin teku, don jiragen ruwansa su riƙa samun ruwan sha da nama. Turawan sun iske makiyaya ƴan ƙabilar Koikoi a wurin. Daga 1658 suka soma shigo da bayi, mafi yawa daga Indonesiya, Indiya, Madagaskar da Mozambik.

To, bawa da ubangijinsa dole su ji juna. A gona da madafa, harshen Holandi ya yi ta sauyawa a bakin bayi da barori da ƴaƴan gida. Aka zubar da ƙa'idodi masu wuya. Aka ɗauko kalmomin baƙi: "piesang", watau ayaba, daga harshen Malay ta fito. Manya suka rena shi, suna ce masa Holandancin madafa.

Abin mamaki, Musulmin Kap, jikokin bayi, suna cikin waɗanda suka fara rubuta shi. Da baƙaƙen Larabci suka rubuta, kamar yadda malamai ke rubuta Hausa da ajami. Wani malami, Abubakar Efendi, ya wallafa littafin addini da shi, aka buga a Istanbul a 1877. Gwamnati kuwa sai a 1925 ta karɓe shi harshen hukuma.

Daga 1948 mulkin wariyar fata ya mai da harshen nan bulala. Aka tilasta wa yara baƙar fata koyon lissafi da shi, alhali har malamansu da yawa ba su iya shi sosai ba. Ran 16 ga watan Yuni 1976 ƴan lakkol na Soweto suka fito suka ce ba su yarda ba. Ƴan sanda suka buɗe musu wuta. Cikin waɗanda suka mutu har da Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12.

Mulkin wariya ya faɗi a 1994. Yau Afirkans ɗaya ne cikin harsuna 12 na hukuma a Afirka ta Kudu, ana kuma jin sa a Namibiya. Fiye da rabin waɗanda suka sha shi a nono ba farar fata ba ne.