Darasin Girki: Yankan Ham Mai Shafen Zaƙi, Abincin Mutum Ɗaya

Ɗalibin da ya shekara shida yana miƙa kwano a ɗakin cin abinci bai san wahalar girkin mutum ɗaya ba sai ranar da ya sami kansa shi kaɗai a ɗaki, ko a jami'a, ko wurin bautar ƙasa, ko a garin da aiki ya kai shi. Girkin da muka koya a gida girkin taro ne. Tukunyar tuwo ba ta san mutum ɗaya ba, miya kuma idan ka yi 'yar kaɗan sai ta ƙone kafin ta nuna. Shi ya sa da yawa suke ƙarewa a kan burodi da shayi dare da rana, har jiki ya soma nunawa. A wannan darasi za mu duba wani abinci da mutanen Amurka da Ingila suke yi idan mutum ya dawo a gajiye kuma ba mai taya shi ci, wato yankan ham da aka soya aka shafe shi da zaƙi. Minti 15 ya isa. Amma saurin nan yana da dalili, kuma wanda bai gane dalilin ba zai iya cutar da kansa.

Da farko, mene ne ham? Cinyar alade ce ta baya wadda aka jiƙa da gishiri, sau da yawa kuma aka ƙyafe ta da hayaƙi. Dabara ce ta tun dā, daga lokacin da ba firji. Wani Baroma mai suna Kato ya rubuta yadda ake yin ta kimanin shekara 160 kafin haihuwar Almasihu: a jera cinyoyi cikin babbar randa, gishiri a ƙasa gishiri a sama, bayan kwanaki a fitar a rataye su sha iska, sa'an nan a ba su hayaƙi. Gishiri yana janye ruwan da ke cikin nama, ƙwayoyin cuta kuwa ba sa yaɗuwa inda ruwa ya yi ƙaranci. Mu ma mun san wannan hikima, gama ita ce ke cikin banda da kilishi, sai dai mu rana da wuta muka fi dogara gare su. A ƙasashen sanyi manoma sukan yanka alade da shigowar hunturu, naman ya kwana cikin gishiri watanni, ya yi daidai ci wajen bikin Ista. Har yanzu gidaje da yawa a Amurka ham suke gasawa a ranar. Masana'antun zamani suna ƙara wani sinadari mai suna naitirait a cikin gishirin. Shi ne ke hana ƙwayar cuta mai sa gubar abinci girma, shi ne kuma ke sa naman ya zauna ja-ja ko bayan ya dahu. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yankan da muke magana a kai, fale ɗaya ne da aka yanko a gicciye daga cinyar, mai faɗi kamar faranti, kaurinsa kimanin santimita 1 zuwa 1 da rabi. Wani yana da ɗan ƙashi zagayayye a tsakiya. Irin wannan mai ƙashi yakan kai kusan rabin kilo, wanda ya yi wa mutum ɗaya yawa ƙwarai. Gram 120 zuwa 150 ya isa. Sauran a nannaɗe a sa a firji.

To, ga inda ya kamata mu tsaya sosai. Ba kowane ham ne dafaffe ba. Yawancin wanda ake sayarwa a kantunan Amurka an riga an dafa shi a masana'anta, aikin mai girki kawai shi ne ya ɗumama shi ya ba shi launi. Wannan shi ne asirin saurin. A Ingila kuwa akwai wanda suke kira gamon: an sa masa gishiri, amma ɗanye ne, dole a dafa shi har ciki. A gidajen cin abincinsu sukan kawo shi da soyayyen dankalin Turawa da ƙwai ko yankan abarba a kai. Akwai kuma na uku, na jihohin kudancin Amurka kamar Bajiniya da Kentaki, wanda ake shanya shi cikin busasshen gishiri watanni. Wannan gishirinsa ya yi yawa har sai an jiƙa shi a ruwa kafin a soya. A ido duka ukun suna kama da juna. Kuma tun da naitirait ya sa naman ja ko ɗanye ko dafaffe, launi ba zai gaya maka kome ba. Saboda haka abu na farko kafin ka kunna wuta shi ne ka karanta takardar da ke jikin ledar. Ɗalibin da ya saba ƙin karanta umarnin da ke kan takardar jarrabawa, ga wani wuri kuma da halin zai kama shi.

A shekarar 2011 ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta sa digiri 63 a ma'aunin Salshiyas a matsayin zafin da tsakiyar yankan naman alade ɗanye zai kai, sa'an nan a bar shi ya huta minti 3 kafin a ci. Dafaffen ham da ya fito daga ledarsa ta masana'anta kuwa digiri 60 ya isa. Ba kowa ke da ma'aunin zafin nama ba, na sani. In ba ka da shi, ka tsaga wurin da ya fi kauri. Idan tururi na fita daga ciki kuma naman ya yi ƙarfi, ba ya sheƙi irin na ɗanye, to ya yi.

Sai kuma wani kashedi da ya shafe mu nan gida. Naman alade da mahauci ya yanka maka da safe a kasuwa ba ham ba ne, ko da daga cinya aka yanko shi. Bai ga gishiri ba, bai ga wuta ba. Inda aladu ke yawo suna kiwon kansu a bayan gari, naman na iya ɗauke da ƙananan tsutsotsin tsila, wanda ya ci shi bai dahu ba kuwa tsilar za ta girma a hanjinsa. Ƙwan da ke fita cikin bayan gidan mai tsila, idan ya shiga bakin mutum ta hannu marar wanki ko ruwa marar tsabta, yana iya kaiwa har ƙwaƙwalwa ya jawo farfaɗiya. Don haka in ɗanyen nama ne a hannunka, ka manta da zancen minti 15. Ka tafasa shi tukuna har ya nuna sarai, sa'an nan ka bi sauran matakan.

Yanzu shafen. Turawa sun gano tun da daɗewa cewa nama mai gishiri da kitse yana neman abu biyu, zaƙi da tsami. Amurkawa sukan yi amfani da sukari mai ruwan ƙasa, ko zuma, ko ruwan zaƙin itacen mafal wanda yawancinsa daga lardin Kubek na Kanada yake fitowa. Wannan na ƙarshe yana da tsada, gama sai an tafasa kimanin lita 40 na ruwan itacen kafin a sami lita 1. Mu ba mu da bukatarsa. Mazarƙwailarmu ta rake tana yin aikin sukari mai ruwan ƙasa daidai, a ganina ma ta fi shi ƙamshi. Ga mutum ɗaya, a daka mazarƙwaila cikin babban cokali 1, a zuba ruwan abarba babban cokali 2, da mastad ƙaramin cokali 1, da kanumfari ƙwaya 2 a daka su lukui. In ba mastad, ɗan garin citta da matsin rabin lemun tsami za su tsaya a madadinsa, ko da yake ɗanɗanon zai bambanta kaɗan. A dama a kofi a ajiye kusa da murhu. Kada a sa gishiri, kada a sa dunƙulen ɗanɗano. Naman ya zo da nasa har ya yi yawa.

A goge yankan da tsumma mai tsabta ya bushe, domin jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, turara kawai yake yi. A ɗauki wuƙa a tsattsaga kitsen da ke gefe, tazarar yatsa biyu-biyu. Dalili shi ne kitse da fatar gefe sun fi tsoka saurin tsukewa a wuta, in ba a tsaga ba sai yankan ya lanƙwashe kamar ƙoƙo, tsakiya ta ɗaga, gefe kaɗai ke taɓa kasko. A ɗora kaskon suya a wuta matsakaiciya, a zuba man gyaɗa ko bota ƙaramin cokali 1. Da ya yi zafi a shimfiɗa naman. A bar shi minti 3 zuwa 4 ba tare da an motsa shi ba, a juya, a sake ba shi haka. Gamon ɗanye yana bukatar minti 5 zuwa 6 kowane gefe, ko fiye in yana da kauri. Launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin da za ka ji suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran furotin a kan zafi, abin da wani masanin kimiyya Bafaranshe, Luwi Kamil Mayar, ya bayyana a 1912. Shi ne dai abin da ke faruwa a bayan burodi da kan tsire.

Sai naman ya soyu gefe biyu kafin a zuba shafen, ba kafin nan ba. Wannan shi ne kuskuren da masu koyo suka fi yi. Sukari yana soma narkewa ya yi ja a wajen digiri 160, kuma tazarar da ke tsakanin ja mai daɗi da baƙi mai ɗaci ba ta da yawa. Wanda ya shafa zaƙin tun farko zai ga sukarin ya ƙone ƙurmus alhali cikin naman bai ko ɗumama ba. Saboda haka a rage wuta. A kan risho a sassauta lagwani, a kan kurfoti a janye kaskon gefe. A zuba haɗin a kan naman, zai tafasa nan take. A riƙa ɗebo shi da cokali ana zubawa a kai, a juya naman sau ɗaya ko biyu. Cikin minti 1 zuwa 2 kumfar za ta yi manya-manya ta rage sauri, ruwan ya yi kauri ya manne a bayan cokali. Nan ne za a sauke. Kada a jira ya yi kauri irin wanda ake so a faranti, domin yana ƙara kauri in ya huce. In ya riga ya daskare, cokali ɗaya na ruwa zai sake shi. In ya yi baƙi kuwa ba gyara, a kwashe naman a zubar da shafen. Kuma kada kowa ya sa yatsa ya ɗanɗana daga kasko. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa, yana kuma manne wa fata.

Game da abarba akwai wani abin lura. Ɗanyar abarba tana da sinadari mai suna buromelin wanda ke narkar da furotin. In ka jiƙa nama cikin ruwanta ka bar shi ya kwana, da safe za ka tarar samansa ya lalace ya yi laɓo-laɓo. Zafi yana kashe ƙarfin sinadarin, shi ya sa abarbar gwangwani ba ta yin haka, wadda aka zuba a kasko mai zafi ma haka. In kana da yanka ɗaya, ka soya shi a gefen naman minti ɗaya kowane gefe.

Abin haɗawa ya zama marar gishiri: dafaffen dankalin Turawa ko na Hausa, farar shinkafa, ko doya, da kabeji ko ganyen alayyafo da aka ɗan turara. In kana so kome ya sauka tare, ka ɗora dankalin minti 10 kafin ka taɓa naman.

Ban ce a mai da wannan abincin kullum ba. Gram 100 na ham yakan ɗauki gishiri kimanin gram 3, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya kai gram 5 a yini. Yanka ɗaya na gram 150 ya kusa cinye rabon yinin gaba ɗaya, mai hawan jini sai ya yi hattara. A 2015 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta sa sarrafaffen nama, wato ham da tsiran Turawa da makamantansu, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon dajin babban hanji. Ta ce cin gram 50 kowace rana yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin 100. Maganar mai ci kullum ce, ba mai ci sau ɗaya a wata ba, amma ya kamata a sani.

Akwai kuma zaman tare. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa cin naman alade, haka wasu Kirista kamar 'yan Adbentis, wasu kuma a gidansu ne kawai ba a saba ba. In kana raba ɗaki ko madafa da irin wannan mutum, ka tambaye shi kafin ka shigo da naman, ka keɓe kaskonka da wuƙarka da katakon yanka, kada kuma ka ɗauki nasa da nufin za ka wanke. Wanda ba ya ci bai yi asarar darasin ba. Shafen nan yana tafiya da ƙirjin kaza ko tsokar talotalo, sai dai su ɗanyu ne, dole su nuna har ciki, digiri 74, kuma su suna bukatar ɗan gishiri.

Abin da ya ragu kada ya wuce awa 2 a waje, lokacin zafin bazara kuwa awa 1. A firji mai aiki zai yi kwana 3 zuwa 4, kuma yana da daɗi in an yayyanka shi cikin ƙwai da safe. In wutar lantarki ba ta tsayawa a unguwarku, ka sayi abin da za ka cinye a zama ɗaya kawai. Kaskon kuma, ka zuba masa ruwa tun yana da ɗumi ka mayar kan wuta ya tafasa minti ɗaya, sukarin zai narke da kansa ba sai ka kankare ba.