Kafin Ku Ɗaure Kaya Zuwa Magami

Tambaya: Ni ne shugaban matasa a wata ikilisiya a Zariya. Mun tara kuɗi za mu fita aikin bishara na mako biyu a hutun Agusta, wani ɗan'uwanmu ɗan asalin yankin Magami ta jihar Zamfara kuma ya ce mu nufi can. Muna da majigi da lasifika da magunguna da gwanjon tufafi. A fitarmu ta baya mutane sun taru sun karɓi kaya, amma da muka dawo ko mutum ɗaya bai sake nemanmu ba. Yaya za mu yi a wannan karo mu ƙulla abota ta gaske?

Amsa: Ɗana, sannunku da ƙoƙari. Zan fara da abin da ba ka tambaya ba, wato hanya.

Magami tana kan titin da ya tashi daga Gusau ya nufi Ɗansadau, titin da ya yi ƙaurin suna wajen tare motoci da satar mutane, har matafiya kan jira rakiyar sojoji kafin su kama hanya. Ka tuna a Satumbar 2021 sai da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga. Agusta kuma tsakiyar damina ce, dawa da masara sun rufe gefen hanya, ba ka ganin abin da ke gabanka. Bas cike da baƙin matasa da janareta a kan rufi, tun daga tasha labarinta zai riga ta isa. In aka kwashe ku, Allah ya kiyaye, kuɗin fansa a wuyan iyayenku zai faɗa, wanda ya sauke ku kuma shi za a yi ta tuhuma. Saboda haka zuwa Magami ba kai za ka yanke shi ba, ba kuma ɗan'uwan nan da ke zaune Zariya ba. Fasto da dattawan ikilisiyar da ke Gusau su ne masu cewa e ko a'a. In sun ce ku tsaya cikin gari, ku tsaya, ba ku yi asarar komai ba. Mutanen ƙauyukan Magami da na Tsafe da Bunguɗu da yawa suna cikin Gusau yanzu, rashin tsaro ya koro su, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. Waɗanda kuke shirin ratsa daji ku gani, ga su a bakin ƙofa.

To, ga tambayarka. Ba su neme ku ba domin babu abin da ya haɗa ku sai kaya. Kun zo kun raba, sun karɓa sun yi godiya, magana ta ƙare. Bahaushe ba ya kiran mutum aboki don ya ba shi riga. Aboki shi ne wanda ya ci tuwon gidanka, ya zo maka barka ranar suna, ya zauna kan tabarmar ta'aziyya ranar da ka yi rashi, kuma kai ma kana da abin da za ka yi masa. Wannan na ƙarshen shi baƙi masu zuwa na ɗan lokaci suka fi mantawa da shi. Suna zuwa da hannu cike, ba su bar wa mai gida ko ƙofa ɗaya da zai nuna nasa karamcin ba.

Duba waɗanda suka riga ku. Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya shafe shekaru masu yawa a ƙasar Zazzau, ya iya Hausa har ya sa hannu a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932, kuma Wusasa da ke kusa da ku shaida ce. 'Yan mishan na SIM, da Turawan mulki suka daɗe suna hana su shiga masarautun Musulmi, ta hanyar jinyar kutare suka samu wurin zama a shekarun 1930: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Wanke gyambo kullum safiya, shekara da shekaru, shi ya sa aka san su. A Maradi ta Nijar, wani ɗan mishan mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoma a 1983 su daina tumɓuke kututturan itatuwa a gonakinsu, su bar su su tofo. Da farko dariya aka yi masa. Sai da ya jure shekaru kafin abin ya karɓu, yau kuwa gonakin kudancin Nijar sun cika da itatuwa. Ko ɗaya cikin waɗannan bai yi aikinsa a mako biyu ba. Ban ce kada ku je ba. Cewa nake ku san girman abin da mako biyu zai ɗauka: gaisuwa, sanin sunaye, da ƙarfafa waɗanda ke zaune a wurin.

Su ne ma ainihin masu aikin. Akwai Kiristoci a Gusau tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso garin a ƙarshen shekarun 1920, akwai Katolika da Angilika da ECWA da sauransu, akwai masu bishara na ƙungiyar EMS da suka san ƙauyukan yankin gida gida. Sun ga ƙirƙiro jihar a 1996, sun ga ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, suna nan kuma suna cin kasuwa ɗaya da maƙwabtansu Musulmi. Zaman nan da hikima aka gina shi. Kalma ɗaya ta ganganci daga bakin yaro mai zafin kai a lasifika tana iya rushe shi, ku kun hau mota kun koma Zariya, su aka bari da ƙura. Don haka lasifikar nan ku bar ta a gida. Majigin ma kada a kafa shi a fili sai mai masaukinku ya ce a kafa, a inda ya ce.

In kun sauka, ranar farko ta gaisuwa ce kawai. Mai masauki ya kai ku wurin mai unguwa, in ya ga ya dace har wurin hakimi da limamin unguwa. Ku faɗi ko ku su wane ne ba tare da kwana-kwana ba: mu Kiristoci ne daga Zariya, mun zo ziyarar 'yan'uwanmu, muna so mu gaida jama'a. Kada ku fake da sunan ƙungiyar agaji alhali wa'azi ya kawo ku. A yankin da kowa ke tsoron infoma, baƙon da ya ɓoye manufarsa yana ta tambayar sunayen ƙauyuka ya jawo wa kansa zargin da ya fi ƙarfinsa. Mutumin Zamfara zai girmama wanda ya ce ga addinina, ya kuma bar shi da nasa, fiye da wanda ya lallaɓo.

Sauran kuwa tarbiyyar gida ce da kuka sani. Namiji ya yi sallama ya tsaya a zaure, mata su shiga ciki da lulluɓi. In an kawo fura a sha, in tuwon dawa ne da miyar kuka a wanke hannu, ba a fito da biskit daga jaka ba. In an kira salla ku yi shiru har mai gida ya idar. Kada ku tara yaran mutane da alewa kuna koya musu waƙoƙi ba da sanin iyayensu ba; babu abin da ke tunzura uba kamar wannan, kuma da ɗanka aka yi wa haka kai ma ba za ka so ba. Gardamar addini kuma ku guje ta. In wani ya tambaye ka abin da ka gaskata, ka faɗa masa a natse, ka saurari nasa, ba tare da taɓa abin da yake girmamawa ba.

Har a Turai haka abin yake. Matasan coci da ke zuwa ƙasar Sabiya na 'yan makonni sukan tarar da mutanen da cocinsu na Otodoks ya samu cin gashin kansa tun 1219, mutanen da a wurin yawancinsu addini da asali abu ɗaya ne. Wanda ya je da takardun rabawa yakan dawo da kayansa. Wanda ya zauna shan kofi ana hira, shi ake sake gayyata.

Maganar magunguna tana damuna. In babu likita ko ma'aikacin jinya mai lasisi a cikinku, kada ku raba ko ƙwaya ɗaya. In akwai, ya lura da masu hawan jini da ciwon suga: ka ba dattijo maganin kwana goma ka tafi, ka bar shi ba mai duba shi, cutarwa ce. Gara a rubuta masa takarda zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, a biya masa kuɗin kati da na mota. Tufafin kuma a damƙa wa dattawa da Zumuntar Mata su raba bayan kun tafi, ga Musulmi da Kirista, ba tare da an jera mutane a rana ana ɗaukar su hoto ba. Hoton ma, kada fuskar kowa ko sunan ƙauyensa ya hau Facebook. Abin da kai kake gani rahoton aiki ne, ga wani yana iya zama sanadin barin gari.

Da ni ne, zan rage yawanku zuwa mutum huɗu ko biyar masu jin Hausa sosai, in ɗage tafiyar zuwa bayan kaka lokacin da mutane suka samu sararin zama, rarar kuɗin motar kuma in aika wa mai bisharar da ke can ya biya kuɗin makarantar 'ya'yansa. Kowannenku ya dawo da lambar mutum biyu, ba hamsin ba, ya riƙa kira yana tambayar iyali da gona, ya yi barka da salla in ta zo. Baɗi kuma ku koma gidajen nan dai, kada ku nemi sabon gari. Kafin nan, ka ba fastonku wannan shafi ya karanta, shi ya kira takwaransa na Gusau, domin irin wannan magana daga babba zuwa babba take tafiya.