Fitilar Gargaɗi ta Injin Mota Bayan An Taɓa Salansa

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda aka danƙa wa kula da motar ofis da littafin kuɗin gyaranta. Sau da yawa akan kai mota gareji gyaran salansa, ta komo lafiya lau, amma bayan kwana ɗaya ko biyu sai wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama a gaban direba, ta ƙi mutuwa. Direba ya ce ba kome, bakanike ya ce ba kome. To, lalle akwai abin dubawa, ga kuwa bayaninsa.

A ƙarƙashin mota, tsakanin inji da salansa, akwai wata tukunyar ƙarfe wadda makanikai ke kira katalis, waɗansu kuma suna yi mata laƙabi da indomi saboda kamannin abin da ke cikinta. Cikin nata kamar saƙar zuma yake, gasasshen yumɓu ne mai ƙananan ƙofofi dubbai, an shafe su da ƙarafa masu tsada ƙwarai, watau filatinam da faladiyam da rodiyam. Hayaƙin inji yana ɗauke da ragowar fetur da bai ƙone ba, da iskar da ke cin huhu, da kuma kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, amma tana kisa a rufaffen wuri. In hayaƙin ya ratsa ƙofofin nan da zafinsa, yawancin gubar takan juye ta zama tururin ruwa da iska marar dafi. A shekarar 1975 aka fara sa wannan tukunya a yawancin sababbin motocin Amurka.

Daga 1996 a Amurka, daga 2001 kuma a ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta wajabta wa sababbin ƙananan motocin fetur su riƙa binciken kansu. Motocin hannu da ke shigo mana ta Kwatano da Legas da wannan tsari suke zuwa. An dasa ma'aunin iska biyu, waɗanda ake kira sansa, ɗaya kafin tukunyar, ɗaya bayanta. Misalinsu kamar malamai biyu ne, ɗaya a ƙofar shiga, ɗaya a ƙofar fita, kowa yana kai wa kwamfutar motar rahotonsa. In rahoton na baya ya zo iri ɗaya da na gaba, sai ta gane hayaƙi ya fita kamar yadda ya shiga, ba a tace kome ba. Galibi ba ta yanke hukunci sai ta ga haka a tafiya biyu, shi ya sa fitilar ba ta kamawa tun a gareji. Sa'an nan ta ajiye lambar laifin, wadda yawanci P0420 ce.

Dalilai biyu ke sa a cire katalis. Wani lokaci ya toshe ne, mota ta kasa jan hawa, bakanike ya farfasa cikinsa ya zubar, ko ya yi waldar miƙaƙƙen bututu a gurbinsa. Amma toshewar nan da wuya ta zo haka kawai: ko fulogi ne ya mutu fetur yana wucewa ɗanye, ko kuwa inji na shan baƙin mai, kuma wannan ciwon yana nan bayan an cire shi. Wani lokacin kuwa lafiyarsa ƙalau, kuɗin ƙarafan cikinsa aka hango, domin akwai masu sayensa. Ba mu ce duk makanikai haka suke ba, amma abin yana faruwa.

Babbar hasarar ita ce, fitilar nan guda ɗaya ce tak, ita ce kuwa ke shelar laifuffukan inji masu yawan gaske. In ta zauna a kunne dare da rana saboda katalis, ran da wani sabon ciwo ya auku babu mai sani, sai mota ta tsaya da hakimi a tsakiyar daji ran rangadi. Cire kan batir yakan kashe ta na 'yan kwanaki, sa'an nan ta komo. Masu liƙe ta da baƙin salatif, ko su cire ƙwanta, sun fi kowa ɓarna.

Saboda haka kada a yarda a yanka salansar motar ofis sai da iznin hakimi, a gaban direba, duk abin da aka cire kuma a dawo da shi. In fitilar ta kama, akwai wata kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari inda ake jona na'urar karanta laifi. Malami ya rubuta lambar da ta fito, da kwanan wata, da adadin tafiyar motar, tun ba a goge ba. Ba kowace P0420 ce ke nuna an cire katalis ba, yoyon walda ko tsufan sansa na iya jawo ta, don haka a fara duba waɗannan. In kuwa fitilar tana ƙiftawa ne, inji na tsallake wuta ke nan, direba ya rage gudu ya nemi wurin tsayawa nan da nan.

Kowace safiya kuma direba ya murɗa makulli ba tare da ya tā da inji ba. Wajibi ne fitilar ta kama, sa'an nan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, a sanar da hakimi, a binciki wanda ya taɓa motar a ƙarshe.