Yadda ake gasa tumatir da ɓarɓashin burodi bai jagwalgwale ba

Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure ke kwararowa Kano ta kasuwar Kwanar Gafan, masu teburi a kasuwar Tarauni har roƙon mutum suke ya ɗauka. A irin wannan araha ne ya kamata uwargida ta raba tumatir da tukunyar miya ko da sau ɗaya, ta gasa shi ya zama mahaɗi a gefen shinkafa ko gasasshiyar kaza.

Girkin ba baƙo ba ne a duniya. Mutanen kudancin Faransa sun daɗe suna yinsa da tafarnuwa da man zaitun, girkin kuma ya dace da dokar abinci ta Yahudawa da suke kira kosha. Dokar ta hana haɗa nama da madara a ci ɗaya, don haka abin da babu nama babu madara a cikinsa yana shiga kowane faranti. Wanda zai bi wannan tsari sai ya ajiye man shanu da cuku gefe, ya kuma tabbatar burodinsa ba a kwaɓa shi da madara ba. Dokar ta hana cin ƙwari ma, kuma duk wanda ya tuna 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, ya san duba cikin tumatir ba tsirfa ba ce.

A sayi tumatir shida manya, masu tauri, irin dogayen nan na UTC masu tsoka. Wanda ya yi laushi a bar wa miya. A wanke, a raba kowanne biyu.

Nan ne wurin da yawancin masu koyar da girkin ke tsallakewa, kuma nan ne ake faɗuwa. Tumatir kusan duk ruwa ne, ya haura kashi 90 cikin ɗari. In aka zuba masa ɓarɓashi haka nan aka sa a wuta, ruwan zai taso ya jiƙa komai, a buɗe a tarar da wani abu mai kama da fate. Mai wannan rubutu ya yi asarar faranti guda a wani gida a Gyadi-Gyadi, ga baƙi zaune a falo, kafin ya gane.

Maganin shi ne a sa ƙaramin cokali a kwashe ’ya’yan da ruwan da ke tare da su, a barbaɗa gishiri a ciki, sannan a kife kowane ɓari a kan matsami ko tsaftataccen ƙyalle. Minti 20, ba ƙasa da haka ba. Gishirin zai janyo ruwan ya ɗiga, har mutum ya yi mamakin abin da ya taru a ƙasa. Kada a matse da hannu don sauri, bangon zai fashe. Ruwan da ’ya’yan kuwa a juye su a miyar dare.

Sai ɓarɓashin. Burodin shago mai zaƙi da laushi, wanda ake shan shayi da shi, ba ya aiki: sukarinsa na sa shi ƙonewa tun tumatirin bai nuna ba. Abin da ya fi shi nesa ba kusa ba shi ne gurasa, irin ta Jakara, wadda ta kwana biyu ta bushe. A kakkarya ta, a daka a turmi sama-sama, ta yi tsaki-tsaki kamar na masara. In ta zama gari lukui, za ta dunƙule.

Kofi ɗaya na ɓarɓashi ya isa. A haɗa da tafarnuwa ƙwaya uku dakakkiya, yankakken lawashi, masoro kaɗan, da mai cokali uku. Man zaitun ya fi ƙamshi, amma kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, man gyaɗa mai kyau ya wadatar. A murza da yatsu har kowane tsaki ya sha mai. Gishiri kuma a yi hattara, akwai wani a jikin tumatirin.

A shafa wa faranti mai, a jera tumatirin bakinsu sama, a cika su ba tare da dannawa ba. A obin, zafi digiri 200, minti 20 zuwa 25.

Wadda ba ta da obin ta yi yadda ake gasa kek a unguwa: yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora a kan gawayi ya yi zafi sosai, a sa farantin a rufe. Sai dai zafin ƙasa kaɗai ba ya soya saman, dole a zuba garwashi a kan murfin a minti goma na ƙarshe, a kuma ɗan karkata murfin tururi ya samu hanyar fita. Da saman ya yi ja kamar soyayyen ƙuli, gefen fatar ya fara yamutsewa, a sauke. A bar shi minti biyar kafin a taɓa, don da zafinsa cokali na shiga zai wargaje.