Yadda ake bin sawun "kitse mai tsatsa" a jikin dabba da kyamarar nukiliya

Duk wanda ya taɓa neman ɓatacciyar waya a taswirar Google ya san dabarar: abin da ido ba ya gani, a sa shi ya riƙa aiko da sigina. Da irin wannan dabara masana ke bin sawun kitsen da ke toshe jijiyoyin jini.

Mene ne kitse mai tsatsa?

Kolestarol ba ya narkewa a jini, don haka wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira LDL ne ke ɗaukarsa. Kamar yadda fartanyar manomin Dayi ke tsatsa idan ta kwana a gona da damina, haka sinadaran oksijin ke lalata LDL. Ƙwayoyin garkuwar jiki sai su haɗiye lalatacciyar, su taru a bangon jijiya har hanyar jini ta ƙuntata. Ƙarshensa na iya zama bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Daniel Steinberg na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego da abokan aikinsa ne suka yaɗa wannan bayani a shekarar 1989.

Matakan aikin

1. Ana zaɓar dabba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shahara ita ce zomon Watanabe, wanda Yoshio Watanabe ya gano a Jami'ar Kobe ta Japan a 1973. Da yawan kolestarol ake haifarsa.
2. Ana liƙa sinadari mai fitar da hasken gama, kamar teknishiyom-99m, a jikin LDL ɗin ko a jikin furotin da ke manne mata.
3. Ana yi wa dabbar allurarsa ta jijiya.
4. Kyamarar gama, wadda Hal Anger ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1950, tana ɗaukar hoton. Ba ta haska jiki kamar hoton ƙashi. Jikin ne ke fitar da hasken. Wani lu'ulu'u a cikinta yana mayar da shi ƙyalli, kwamfuta kuma ta lissafa inda kowane ƙyalli ya fito, ta zana taswira.

Akwai matsala ɗaya: hanta tana saurin kwashe LDL mai tsatsa daga jini. Shi ya sa wasu masana suka koma liƙa sinadarin a furotin mai farautar wadda ta riga ta maƙale a bangon jijiya.

Lissafin lokaci

Ƙarfin teknishiyom-99m yana raguwa da rabi duk bayan awa 6. Bayan awa 12 saura kashi ɗaya cikin 4, bayan awa 24 kashi ɗaya cikin 16. Wannan yana rage wa jiki illa, amma yana nufin ba a iya ajiye shi. Asibitoci suna tatso shi ne daga molibdenom-99, wanda rabinsa ke ƙarewa a awa 66.

A gida Najeriya

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Asibitin Ƙasa na Abuja suna da sashen likitancin nukiliya. Kusa da Funtua da Malumfashi kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike, NIRR-1, wadda ta fara aiki a 2004.

Matashin da ke koyon rubuta manhaja ya lura: kyamarar lambobi kawai take tarawa, manhaja ce ke mayar da su hoton da likita zai karanta.