Tabaran Cikin Ido: Gargaɗi Ga Masu Sa Shi

Akwai wani abu da ya shigo cikin kayan kwalliyar amare a biranenmu, wanda a da ba a samunsa sai a wurin likitan ido. Shi ne tabaran cikin ido, wanda 'yan mata ke ce wa kontak. Ɗan faifan roba ne mai laushi, faɗinsa kamar milimita 14, ana ɗora shi a kan baƙin ido. Don gyaran gani aka ƙirƙiro shi. Wani masanin sinadarai na ƙasar Cekoslobakiya mai suna Otto Wichterle ne ya ƙera irin mai laushin nan a 1961, aka fara sayar da shi a Amurka a 1971. Yau ga shi nan kala-kala, ruwan toka da ruwan zuma da kore, a shagon da ake sayar da jan baki da gashin ido. To, a sani, na ado da na gyaran gani duk haɗarinsu ɗaya. Shi ya sa tun 2005 dokar Amurka ta sa masu launin ma cikin kayan asibiti.

Sai mun san yadda Allah ya yi ido kafin mu gane dalilin tsananin nan. Gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai wanda haske ke bi ya shiga. Babu jijiyar jini a jikinsa, iskar da yake rayuwa da ita daga sarari yake samunta ta cikin hawaye. Duk wanda ya ɗora roba a kansa ya rage masa iska. Idan kuma ya kwanta barci da ita, fatar ido ta rufe, ragowar ta ƙara raguwa, ga ɗumi ga danshi, ƙwayoyin cuta sun sami wurin zama. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce barci da tabaran nan yana ninka haɗarin kamuwa sau 6 zuwa 8. Amaryar da ta dawo daga wurin biki tsakar dare, ta ce gajiya ta hana ta cirewa sai da safe, ita ake ji wa tsoro. Akwai ƙwayar cuta mai suna Pseudomonas da kan cinye tantanin nan cikin kwana ɗaya ko biyu. Ko an warke, sau da yawa hakiya ce ke biyo baya, in kuwa ta zauna a tsakiyar ido, gani ya tafi sai dai a yi dashen tantani.

Abu na biyu, wanda ya fi wuyar shiga kunnen mutane, shi ne ruwa. Mutum zai ce, ruwan da nake sha lafiya lau, yaya za a ce kada ya taɓa idona? Ai kuwa haka ne. A cikin ruwan famfo da na rijiya da na tanki akwai wata halitta da ido ba ya gani, Acanthamoeba. Shanta ba ya cutar da mai lafiya, amma in ta maƙale tsakanin roba da ido sai ta kutsa cikin tantanin. Ciwonta na da azabar zafi, maganinsa watanni ne, wani lokaci ya haura shekara. Saboda haka ba a wanke tabaran nan da ruwan randa, ko na leda, ko na gora, balle yawu. A cire shi kafin wanka. Wajen alwala a rufe ido yayin wanke fuska. Kafin a taɓa shi a wanke hannu da sabulu, a kuma tsane shi sarai, don jiƙaƙƙen yatsa ma ruwa ne.

Yana da ruwan wankinsa na musamman. In an cire, a ɗiga masa ruwan a tafin hannu, a murza a hankali, a ɗauraye, a jiƙa cikin sabon ruwa. Rowa ce ke sa wasu su ƙara sabo a kan na jiya, alhali na jiya ƙarfinsa ya ƙare. A zubar, a kife mazubin ya bushe, a sake shi duk wata 3. Kada a raina wannan: a 2006 kamfanin Bausch & Lomb ya janye wani ruwan wankinsa daga kasuwannin duniya, bayan an danganta shi da ciwon ido na naman gwari a Singafo da Hong Kong da Amurka. In na kamfani zai gaza, ina ga wanda ya kwana uku a buɗe? Tabaran yini ɗaya a jefar da shi da dare, na wata ɗaya kuwa daga ranar buɗewa ake ƙirga masa, ko da sau biyu aka sa.

Tabaran nan kamar takalmi yake, kowane ido da awonsa, likita ne ke aunawa. Wanda ya matse yakan kurje ido. Aro kuwa babu shi sam, ko tsakanin ya da ƙanwa, kuma duk mai kwalliyar da ta fito da wanda wata ta sa, a ce mata a'a. A sa shi kafin kwalliya, a cire shi kafin a goge ta, kada kuma a zizara kwalli a cikin bakin fatar ido. Ranar da hunturu ya taso da ƙura, a haƙura a koma tabarau na sanda.

Idan ido ya yi ja, ko yana zafi, ko haske na damunsa, ko gani ya dushe, a cire nan take. Kada a ce ai apolo ne, a ɗiga nono ko ruwan sukari. Kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kemis da ka, domin wasu na ɗauke da sinadarin da ke kwantar da jan ido alhali yana ba cutar ƙarfi. A je asibitin ido a ranar, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, ko wanda ya fi kusa. A tafi da tabaran da mazubinsa, don likita kan bincika su ya gano irin ƙwayar da ta shiga.